Rigar Yayen Mitsi

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina sauran?", ku sassauta min, ga shi nan. Ni kaina sai da na ajiye wayar na goge ido kafin na iya ƙarasa shi. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Tun daga bakin get ɗin makarantar Maman Mitsi ta san an ji.

Maigadin da kullum sai ya tsokane ta, yau kansa ya sunkuyar yana danne dariya. Wasu mata biyu da ke hira suka yi tsit da ta zo wucewa, tana gota su suka ɗora daga inda suka tsaya.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Jiya da rana tana tsakiyar yi wa wata kitso a shagonta, hannu duk man gashi, ta danna waya da bayan yatsa ta yi wa mijinta saƙon murya. Sai da ya tafi ta ga ba wajensa ya je ba, guruf ɗin iyayen 'yan aji shida ya faɗa. Nan take ta goge, ta yi ajiyar zuciya, ta koma kan kitsonta. Ba ta san daga wayarta ita kaɗai ta goge ba, na kowa yana nan daram. Kafin wani ya ankarar da ita data ta ƙare, sai yau da safe da ta saya ta ga saƙonni sun yi mata dami.

Ga shi yau ne taron iyaye kan bikin yaye ɗalibai.

Ƙawarta Nas, wadda 'yarta ke aji ɗaya da Mitsi, ta tare ta a ƙofar ɗakin taro.

"Ki koma gida, ƙawata. Zan ce ba ki da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"Sun shirya miki, wallahi."

"To ai bai kamata shirin ya tashi a banza ba."

Ta gyara zaman mayafinta ta shiga.

An jera iyaye a kan 'yan kujerun yara, manyan mutane gwiwa ta kusa taɓo haɓa. A gaba akwai teburi, bayansa Madam mai makarantar tana juya biro. Gefenta Maman Tagwaye, shugabar iyaye, da wayoyinta biyu. An rataye samfurin rigar yayen a jikin allo, shuɗiya mai ƙyalli, da hularta mai tuntu.

Maman Tagwaye ta miƙe.

"Kafin mu shiga maganar biki, akwai wani ƙaramin abu. Wataƙila wasu ba su saurara ba."

Wani daga baya ya ce, "Mun saurara."

"To a sake saurara."

Ta kara waya a bakin lasifika.

Wayyo ni! Muryar Maman Mitsi ce ta cika ɗakin, irin muryar nan mai laushi da mace ba ta yi wa kowa sai mutum ɗaya.

"Injiniya na... ka ci abinci kuwa? Ka ji sabon salo. Wai bayan riga da hula da hoto da kek, yanzu an ƙaro kuɗin jan kafet. Jan kafet, Injiniya! Yaran da ko safarsu ba su iya wankewa ba."

Dariya ta fara tashi ƙasa-ƙasa. Sai muryar ta siranta, ta koma ta hanci, sak ta Maman Tagwaye.

"'Iyaye, mu daure mu fita kunyar 'ya'yanmu, abin ai ba yawa...' Ba yawa a gidan wa?"

Nan kam wani mai tasi da ke layin gaba ya kasa riƙewa, ya fashe har da dukan cinya.

Muryar ta dawo tata, ta yi ƙasa.

"Ka ji ni da kyau. Na ga irin kallon da kake wa babur ɗinka kwanan nan. Wallahi ka sayar da shi, ni da kai ne. Shi ne ƙafarka, shi ne tukunyarmu. Mai gyaran firij da ƙafa, gidan wa zai kai kafin naman mutane ya ruɓe? Ka bar min maganar makarantar nan, ni zan ji da su. Ni dai ko a tabarma ne, in dai da kai, ban rasa komai ba. Ka dawo da wuri, na yi kewar..."

Maman Tagwaye ta kashe.

"Sauran ba na yara ba ne," in ji ta, tana taɓe baki.

Maman Mitsi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsayar da idonta a kan shuɗiyar rigar nan.

"Muna jiran ban haƙuri," in ji Maman Tagwaye.

Maman Mitsi ta miƙe a hankali, 'yar kujerar ta yi ƙara.

"Kwaikwayon muryarki da na yi, ki yi haƙuri. Ba tarbiyyata ba ce, kuma kin girme ni."

"Madalla."

"Sauran kuwa, ko wasali ɗaya ban janye ba."

Maman Tagwaye ta zaro ido.

"Me kika ce?"

"Kin ji ni, Yaya. Da a ɓoye na faɗa, Allah ya kawo shi fili, to bari in ƙarasa a fili. Shekarar nan kaɗai mun yi ranar launi. Mun yi ranar 'ya'yan itace, aka ce kowane yaro da kwando, kwandon ma sai na makaranta. Mun yi ranar wasanni da sabon takalmi. Mun yi yawon buɗe ido, aka kai su kallon inda ake cika lemo a kwalba, suka dawo da ƙishirwa. Mun yi ranar sana'a, na saya wa Mitsi kayan matuƙin jirgi, ta sa na rabin wuni. Yanzu da rigar nake goge madubin shago."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba.

"Ban taɓa cewa uffan ba. In aka turo, in ƙara kai biyu uku a kitso, yatsuna su kumbura, in biya. Mun rage nama, mun rage fitila, ƙanin Mitsi takalmin da ya matse shi yake ja. Duk na shanye, don kar a nuna 'yata da baki. Amma tura ta kai bango."

Maman Tagwaye ta ce, "Kowa fa daidai ruwa daidai ƙurji. Wanda makarantar ta fi ƙarfinsa, ai ƙofa a buɗe take."

"Kuɗin karatu na taɓa yin latti?"

Maman Mitsi ta juya ga Madam.

"Madam, na taɓa yin latti?"

Madam ta ce, "A'a."

"To karatu bai fi ƙarfina ba. Kafet ne ya fi ƙarfina."

Nas ta miƙe.

"Ni ma bari in faɗi nawa. Ranar sana'ar nan 'yata ta ce nas take so ta zama. Na yanke tsohon yunifom ɗina na gaske, na kai aka rage mata. Aka dawo da ita gida, wai bai yi kama da na nas ba, sai na sayi na makaranta. Ni fa nas ce!"

Mai tasi ya ɗaga hannu.

"Ni nawa cewa ya yi direba zai zama, irin ubansa. Malama ta ce ya zaɓi sana'a. Na ce to da me nake biyan ku, da rawa?"

Ɗaki ya ɗauka. Wata ta ce ita 'yan kunnenta ta kai kasuwa saboda yawon buɗe ido. Wani dattijo ya ce jikokinsa biyu ne a ajin, shi da wanne zai ji. Waɗanda ɗazu suke dariyar Maman Mitsi, yanzu kai suke gyaɗawa. Ashe kowa da ƙurjinsa a ƙarƙashin riga, kunya ce kawai ta hana sosawa.

Madam ta buga biro a teburi.

Ba mai hayaniya ba ce. Idan ta yi magana a hankali take yi, shi ya sa ake tsoronta.

"Kun gama? To ku ji nawa. Bara na yi bikin da ba kafet, ba zaure, a filin nan na waje. Kun san me ya faru? Iyaye suka ɗauki hotunan makarantar da ke ƙasan layi suna turo min, wai dubi yadda ake biki. Aka kwashe min yara, aka ce makarantata ta talauce. Ku ne kuke so, ku ne kuke kuka. Na riga na kama zaure, na ba da ɗinki. Ba zan sauya ba."

Ta juyo ga Maman Mitsi.

"'Yarki ce ta ɗaya a ajin. Ita muka zaɓa ta yi jawabin maraba. Amma doka ɗaya ce ga kowa, wanda ba shi da riga ba zai hau dandamali ba."

"Ta hau da yunifom ɗinta. Da shi ta ci na ɗayan."

"Zai ɓata hoto."

"Hoto."

"Eh, hoto."

Masu karatu, ku da kuka bi labarin nan kun sani, wanda bai sani ba bari in faɗa masa. Tun da aka ba Mitsi jawabin nan ba ta bar kowa ya huta ba. Kullum ta dawo makaranta sai ta hau kan benci a gaban madubin shagon uwarta, ta riƙe mataji kamar makirfo. 'Yar mitsitsiyar yarinya, wadda ƙanƙantarta ce ta jawo mata sunan, ta buɗe murya: "Iyayenmu, malamanmu, manyan baƙi..." Masu kitso su yi mata tafi, ta rusuna, ta sake daga farko.

Wannan hoton ne ya faɗo wa Maman Mitsi a rai. Ta kawar da shi da ƙyar.

"To kar ta hau."

Nas ta kama hannunta. "Ƙawata..."

"Kar ta hau! Zan tara mata mutane a ƙofar shagona, ta yi jawabinta a kan benci, in yi mata guɗa har muryata ta dushe. Amma ba zan koya wa 'yata cewa ƙoƙarinta bai isa ba sai an yafa masa ƙyalle mai ƙyalli. Ban biya ba, kuma ba zan biya ba."

Mai tasi ya miƙe. "Ni ma."

Nas ta ce, "Ni ma."

Dattijon nan ya dogara sandarsa ya tashi. Kujeru suka fara ƙara ta ko'ina. Kafin ka ce kwabo fiye da rabin ɗakin yana tsaye. Maman Tagwaye ta dubi Madam, ta dubi wayoyinta, ta rasa wadda za ta danna.

Madam kuwa ko gezau. Murmushi ma ta yi.

"Abin sha'awa. Sai dai ban gane ba, Maman Mitsi. Kina tayar min da iyaye a kan kuɗin da an riga an biya miki?"

"An biya wa wa?"

"Mitsi. Riga, hula, hoto, har kafet ɗin. Da safen nan, kafin a buga ƙararrawa."

"Ba dai Mitsi tawa ba."

"Mitsi nawa muke da su?"

"Wa ya biya?"

"Mahaifinta."

Kamar an watsa wa ɗakin ruwan sanyi.

Wata daga baya ta ce, "Au! Ashe mu aka mayar 'yan amshi. Ta biya nata a ɓoye, ta zo tana zuga mu."

"Ingiza mai kantu ruwa ke nan," in ji wata.

Nas ta saki hannunta a hankali. Wannan sakin ya fi komai yi mata ciwo.

"Wallahi ban sani ba. Ba shi da kuɗin. Na san abin da ke aljihunsa kamar yadda na san tafin hannuna, ba shi da..."

Ta tsaya.

Madam ta nuna taga da biro. "Ga shi can, bai ma tafi ba. Ya ce zai jira ya ga yadda rigar ta yi mata."

Maman Mitsi ta juya.

Yana tsaye a inuwar bishiyar da ke kusa da get. Akwatin kayan aikinsa rataye a kafaɗa, igiyar ta nutse masa cikin riga. Takalminsa ya yi futu-futu. Hular kwano tana rataye a gwiwar hannunsa.

Ta duba damansa, ta duba hagunsa, ta duba wajen da ake ajiye babura.

Babu.

A lokacin ne abin ya faɗo mata, har sai da ta dafa bango. Jiya da ta goge saƙon, ta ce a ranta za ta faɗa masa baki da baki. Ya dawo a gajiye, ko abinci bai gama ba barci ya kwashe shi, ta tausaya ta bar shi. Kafin ta farka ya fita.

Duk ɗakin nan sun ji "kar ka sayar da babur". Maigadi ya ji. Mai tasi ya ji. Maman Tagwaye ta ji har ta haddace.

Mutum ɗaya ne bai ji ba.

"A kira min shi," ta ce.

Ya shigo da sallama, yana murmushin nan nasa mai karkata gefe guda, wanda tun ranar da ya zo gyara firij ɗin gidansu ya rikita mata lissafi. Ganin ido ya yi masa yawa, murmushin ya fara gushewa.

"Hukuma, lafiya?"

Haka yake kiranta, wai don a gidansa ita ce mai doka. Kullum in ya faɗa sai ta harare shi tana dariya. Yau ba ta yi ba.

"Injiniya, ina babur?"

Ya sosa ƙeya. "Ma yi maganar a gida."

"Gida ya ƙare. Asirinmu tun jiya yake yawo a wayoyin mutane. Ina babur?"

"Yana hannu mai kyau."

"Ka sayar."

"Ƙarfe ne fa, Hukuma. Ana sayen wani."

"Da me? Bayan na ce maka kar ka... a saƙon da..."

"Wane saƙo?"

Ba wanda ya yi dariya. Mai tasi ya cire hularsa ya riƙe, ya ce a hankali, "Maigida, kowa ya ji sai kai."

Injiniya ya dubi fuskoki, ya dubi lasifika, ya dubi matarsa. Bai gane duka ba, amma ya gane hawayen da take hanawa zuba. Ya sauke akwatin ƙasa, ya rage murya kamar su biyu ne kawai a duniya.

"Ni daga wannan ajin na tsaya, kin sani. Ranar da 'yan ajinmu suka yi nasu bikin, ina ƙarƙashin teburin wani mai gyara ina riƙe masa sukundireba. Shekaranjiya na dawo na tarar da ita a kan benci da mataji, tana cewa 'iyayenmu', ta nuno ni. Ni, Hukuma. Na ce ko da rarrafe zan riƙa zuwa aiki, yarinyar nan sai ta hau."

Wata mata ta ja hanci. Nas ta kau da kai tana goge ido.

Maman Mitsi ta ji zuciyarta ta rabu biyu, rabi na son ta rungume shi a gaban kowa, rabi na son ta shaƙe shi. Son mutumin nan zai kashe ta wata rana.

"Wa ka sayar wa?"

"Abokin aikina ne. Ya ce in na sake shawara kafin ya kai wa ƙaninsa da yamma..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta juya, ta taka har gaban teburi, ta dafa shi da hannu biyu.

"Madam, a mayar masa da kuɗinsa."

"Hukuma!"

"Ka yi shiru, Injiniya. Yau ka bar ni in ci sunana." Ta waiwayi iyayen da suka fara zama. "Wadda ta ce na zuga ku na biya a ɓoye, ta buɗe ido ta gani. Abin da na faɗa a tsaye, ban fasa ba."

Madam ta dube ta. Sannan ta yi wa malamar ajin da ke bakin ƙofa alama da kai.

"Kuɗi ba matsala. Suna nan yadda ya kawo su. Sai dai kayanmu sun riga sun fita, sai sun dawo."

"A dawo da su."

"Ga su nan tafe."

Aka ji 'yan ƙananan takun gudu a baranda.

"Mama! Abba! Ku kalle ni!"

Mitsi ce.

Rigar ta yi mata yawa, hannuwan sun rufe yatsunta, gefen yana jan ƙasa. Hular ta karkace, tuntun yana lilo a kan hancinta. Fuskarta kuwa, ya Allah, ban san da wace kalma zan kwatanta muku ba. Duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da ita ba. Ta yi juyi ɗaya a tsakiyar ɗakin, rigar ta buɗe kamar lema.

Madam ta jingina da kujera.

"Ga rigar, Maman Mitsi. Ni ba zan taɓa ta ba, malama ma ba za ta taɓa ba. In kina son kuɗin, ki cire mata da hannunki."



Maman Mitsi ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta dubi hannunta da ke kitsa kai tun safe har yamma. Ta ɗaga shi. Ta kai rabin hanya. Ya tsaya.

Mitsi ta daina murmushi. Ta dubi idon uwarta. Ta dubi mutanen da suka zuba mata ido. Sannan ta dubi ubanta, daga ƙurar takalminsa har zuwa hular kwanon da ke gwiwar hannunsa.

Yarinyar da ta ci na ɗaya ba ta buƙatar a yi mata bayani sau biyu.

"Abba, da ƙafa ka zo?"

Ya sunkuyar da kai ya dubi takalminsa.

Mitsi ta ture dogon hannun rigar baya, ta fito da 'yan yatsunta. Kafin hannun uwarta ya ƙarasa, ta kama maɓallin farko da kanta.